Manhaja ta ce za mu ci ribar kashi 700: yaya zan gane ko takardun bayaninta abin dogaro ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani kamfanin sayar da taki da iri da maganin feshi a nan Gombe, muna da reshe a Kumo da Bajoga. Wani kamfani ya kawo mana tallan ejan na AI, wato ma'aikacin kwamfuta mai ƙirƙirarriyar basira, da zai riƙa amsa wa abokan ciniki a WhatsApp, yana duba kayan da ke sito, yana rubuta oda, a kan dala 300 duk wata. Sun haɗo da wata manhaja mai lissafa ribar da za a samu. Ta tambaye ni yawan saƙonni da yawan ma'aikata kawai, sai ta ce za mu huta da aikin awa 120 a wata, riba kuma kashi 700 cikin 100. Yara biyu ne ke amsa saƙonni yanzu, kowanne naira 90,000 a wata. Alhaji ya ce in karanta takardun bayanin manhajar in gaya masa ko za a iya yarda da ita. Me zan duba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Alhaji ya yi dabara da ya ce takardun za a fara dubawa. Takardun bayanin manhajar lissafi suna da inganci ne idan za ka iya ɗaukarsu, ka rufe manhajar, ka zauna da biro da takarda ko da Excel, ka sake fito da lambar da ta ba ka. In ka iya, sai a shiga maganar ko lambar ta dace da ku. In ba ka iya ba, abin da ke hannunka takardar talla ce komai kaurinta, kuma bai kamata Alhaji ya sa ko kwabo a kanta ba.

Alƙaluman da ka aiko ma sun isa mu leƙa cikinta. Ƙa'idar lissafin ribar jari ba ɓoyayya ba ce: ka cire abin da ka kashe daga amfanin da ka samu, ka raba da abin da ka kashe, ka ninka da 100. Mu sa dala a naira 1,500 don sauƙin lissafi. Dala 300 ta zama naira 450,000 a wata. Kafin a ce an ci ribar kashi 700 a kan 450,000, sai amfanin ya kai naira miliyan 3.6 a wata. Raba miliyan 3.6 da awa 120, za ka samu naira 30,000 a kowace awa, wato dala 20. To ga inda maganar take: manhajar ta ɗauka awa ɗaya ta yaranku dala 20 ce. Yaron da ke karɓar 90,000 a wata, yana aikin kwana 26, awa 8 kullum, awarsa naira 433 ce. An ninka kuɗinsa kusan sau 70. Sa 433 a wurin, awa 120 ta koma kimanin naira 52,000, alhali kuna biyan 450,000. Faɗuwa ce ta kusan naira 398,000 duk wata, kashi 88 cikin 100 na abin da kuka zuba.

Ba ina cewa kamfanin ya shirya cuta ba ne. A Amurka mafi ƙarancin albashi na gwamnatin tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009, saboda haka dala 20 ga mai amsa waya ba abin mamaki ba ce a can. A nan kuwa mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata ɗungurungum. Don wata kasuwa aka gina manhajar, shi ke nan. Amma in ka karance takardun daga farko har ƙarshe ba ka ga inda aka rubuta wannan dala 20 ba, sun faɗi jarrabawa tun a nan, domin lambar da ta fi kowace nauyi a lissafin ce aka ɓoye maka.

Takarda mai kyau tana bin kowane gurbi ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba a nuna maka a fuskar manhajar ba. Za ka ga an rubuta wani abu kamar haka: kuɗin awa ɗaya na ma'aikaci, da dala ake auna shi, mun cike shi da 20, mun samo shi daga matsakaicin albashin masu amsa waya a ƙasa kaza, shekara kaza, ya haɗa da alawus, bai haɗa da hayar ofis ba, ana canza shi a shafi kaza, in ya sauka ƙasa da kaza, lissafin zai koma asara. Wannan jimla ta ƙarshe ita nake fara nema, kuma ita ce ta fi wuyar samu. A naku lissafin, sai awar ma'aikaci ta kai naira 3,750 kafin ku mayar da uwar kuɗi ma, balle riba. Duk wanda ya rubuta takardu da niyyar taimakon mai saye zai faɗa masa inda wannan iyaka take.

Ka tuna wanda ya kawo manhajar. Kafin ka yi cinikin masara a Tudun Hatsi sai ka kalli mudun mai awo, ka juya shi ka ga ko an bubbuga gindinsa. Manhajar nan mudu ce, kuma mai sayarwa ne ya zo da ita a jakarsa. Gwajin da zan ce ka yi yau, kafin ma ka gama karatun, shi ne ka tilasta mata ta nuna asara. Sa saƙo 50 a wata, sa ma'aikaci ɗaya. In har yanzu tana cewa akwai riba, ko ta ƙi karɓar ƙananan lambobi, ko ta tsaya a sifili ta ƙi sauka ƙasa, koma takardun ka ga ko sun yi bayanin dalili. Manhajar da ba ta san hanyar faɗin asara ba, ba lissafi take yi ba.

Sai awa 120 ɗin kanta. Daga ina ta fito? Yawanci ana ninka abu uku ne: yawan saƙonni, mintocin da kowane saƙo ke ci a hannun mutum, da kason da ejan zai iya gamawa shi kaɗai. Kai ka ba da na farko. Sauran biyun su suka cike, kuma takardun su ne ya kamata su faɗi inda aka samo su. Kalmar "binciken masana ya nuna" ba madogara ba ce. Ana so a ambaci sunan binciken, shekararsa, mutum nawa, a wane irin aiki. Akwai binciken da masu talla ke yawan jingina da shi, na Erik Brynjolfsson na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa biyu, wanda ya fito a 2023. Sun bi ma'aikata 5,179 masu amsa wa abokan ciniki, suka ga AI ya ƙara yawan matsalolin da ake warwarewa a awa da kashi 14 cikin 100, sababbin shiga kashi 34, tsofaffin hannu kuwa kusan babu canji. Bincike ne na ƙwarai. Amma lura: AI ɗin yana taimaka wa mutum ne yana ba shi shawarar amsa, bai maye gurbinsa ba, hirar a rubuce ce, kamfanin kuma na manhaja ne. Wanda ya ɗauko wannan ya ce ejan zai ɗauke kashi 70 na aikin shagon taki, ya ɗora wa binciken kayan da ba nasa ba.

In kuma takardun suka ce sun samo lambar ne daga tambayar abokan cinikinsu "awa nawa kuke ganin kun huta?", sai ka ƙara taka-tsantsan. A Yulin 2025 wata ƙungiyar bincike mai suna METR ta gwada ƙwararrun masu rubuta manhaja 16. Da suka yi amfani da AI, aikin ya ƙara ɗaukarsu lokaci da kashi 19 cikin 100, amma su da kansu sun yi imani ya ƙara musu sauri da kusan kashi 20. Mutanen nan ba ƙarya suka yi ba, haka suka ji a jikinsu. Shi ya sa nake bambanta abin da aka auna da agogo da abin da aka tambaya da baki, kuma takardun kirki su ma suna bambantawa.

Akwai wani abin da ke damuna a irin wannan lissafi, kuma ina so ka faɗa wa Alhaji shi a fili. Awar da aka huta ba kuɗi ba ce. Ko da ejan ya ɗauke awa 120, albashin yaran nan biyu yana nan a ƙarshen wata, 180,000 cif. Ba ya raguwa sai an sallami wani, ko an mayar da shi wani aikin da ke kawo kuɗi, kamar bin bashi ko zagaya dillalai a Dukku da Deba. Takarda mai gaskiya tana raba gida biyu: kuɗin da ya daina fita daga aljihu, da lokacin da aka samu sarari. Wadda ta haɗe su ta kira su duka "tanadi" tana sayar maka da abin da ba za ka taɓa gani a asusu ba. Ni dai ba zan so a sallami yaro mai iyali a kan lambar da ba a san asalinta ba, kuma ko ta fuskar kasuwanci zalla ba dabara ba ce, domin su ne suka san wane manomi ke biya, wane ne sai an bi shi gida.

Kada ka ɗauka ina cewa ejan ba shi da amfani a wurinku. Yana iya yi, sai dai ba ta ƙofar albashi ba. Inda ma'aikaci ke da araha, amfanin yana zuwa ne ta cinikin da ake rasawa: manomin da ya turo saƙo bayan isha'i a tsakiyar Yuni, ba a amsa ba sai washegari da hantsi, ya riga ya sayi takinsa a wani shago. In manhajar tana da gurbin ƙarin ciniki, duba da kyau me take ƙirgawa. A ce buhu naira 40,000 ne, ribarku a kai 1,500. Ejan ya jawo ƙarin buhu 40 a wata. Manhajar da ke ƙirga kuɗin ciniki za ta rubuta naira miliyan 1.6. Abin da ya shiga aljihun Alhaji 60,000 ne. Don cike giɓin 398,000 da muka gani ɗazu, sai ejan ya jawo ƙarin buhu wajen 265 duk wata, rani da damina. Takardun su faɗa ƙarara ko ciniki suke ƙirgawa ko riba, su kuma faɗi yadda za a gane cewa ejan ne ya jawo cinikin, ba saukar ruwan sama ba.

Ɓangaren kashe kuɗi shi ne inda takardu marasa kyau suka fi gajarta magana. Dala 300 kuɗin rajista ne na wata. Nemi jerin abin da lissafin ya haɗa da abin da ya bari, a rubuce. Kafin ejan ya iya cewa akwai buhu kaza a Bajoga, sai an mayar da littafin sito cikin kwamfuta, an daidaita sunayen kaya, kuma wani yana sabunta shi kullum. Wannan aikin mutum ne, kuma in kuna da littattafai uku masu saɓa wa juna zai ci makonni. Sai wanda zai riƙa karanta hirarrakin ejan yana kama kuskure. Sai kuɗin WhatsApp na 'yan kasuwa, wanda Meta, mamallakiyar WhatsApp, ta sauya tsarin cajinsa daga kowace hira zuwa kowane saƙo a ranar 1 ga Yulin 2025. Sai harajin VAT na kashi 7.5. Sai data, wadda ta tashi bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a Janairun 2025. Ejan ɗin kansa a wata ƙasa yake aiki, ɗauke wuta ba ta kashe shi, amma kwamfutar sito da na'urar intanet a shagonku suke. Duk wanda ya ga duhun da ya rufe Arewa kwana da kwanaki a Oktoban 2024 ya san dole a sa sola ko man janareta a lissafi.

Akwai kuɗi guda da mutane ba sa gani sai bil ya zo. Kamfanonin AI suna caji ne bisa gutsattsarin rubutu da ake kira tokin, kuma Hausa tana cin tokin fiye da Turanci a kan magana iri ɗaya, domin an fi horar da na'urorin da Turanci. Ejan kuma ba amsa ɗaya yake yi ya tsaya ba. Zai karanta saƙon, ya leƙa sito, ya dawo, ya lissafa farashi, ya sake karanta hirar gaba ɗaya, kowane mataki da kuɗinsa. Duba ko dala 300 tana da rufi: hira nawa ta ƙunsa, nawa ne abin da ya haura, kuma da wane harshe aka auna matsakaicin kuɗin hira ɗaya.

Sai dala kanta. A farkon Yunin 2023 ana canjin dala a farashin gwamnati a wajen naira 460. Kafin Fabrairun 2024 ta ƙare ta haura 1,500. Kuna biya da dala, kuna sayarwa da naira. Takardar da ba ta ce komai a kan canji ba, ko ba ta nuna inda za ka sa naka farashin ba, ba ta yi tunanin irinku ba. Haka nan in lissafin na shekara uku ne, a ga ko yana rage darajar kuɗin da za su zo nan gaba, da kashi nawa. A ƙarshen 2024 kuɗin ruwa na Babban Bankin Najeriya kashi 27.5 ne, hauhawar farashi kashi 34.8. Naira dubu ta shekara uku masu zuwa ba naira dubu ta yau ba ce, kuma kashi 8 ko 10 da ake yawan cikewa a irin waɗannan manhajoji na wata duniya ne.

Yanzu ga abin da na fi ba muhimmanci bayan asalin lambobi: yadda takardun suka fassara "an gama da abokin ciniki", da abin da suka ce a kan kuskure. Ka zauna kusa da ɗaya daga cikin yaran nan wata safiya a damina ka kalli wayar. Saƙon farko murya ce ta minti biyu, dattijo ne, ya fara da gaisuwa, ya tambayi Alhaji da iyali, ya sako Fulatanci a tsakiya, sannan a ƙarshe ya ce a ajiye masa "irin na bara". Na biyu hoton ganyen masara ne da tsutsa ta huda, babu rubutu ko ɗaya. Na uku ya rubuta "nawane kamfa" ba tare da alama ba. Na huɗu yana so a ba shi kaya zuwa kaka. Yaron ya san mene ne irin na bara, ya san wa za a ba bashi. Tambayar ita ce nawa daga cikin waɗannan ejan zai gama shi kaɗai, kuma a kan wane irin saƙo aka gwada shi. In takardun ba su ambaci harshe ba, ba su ambaci saƙon murya ba, to kason da suka rubuta na rubutaccen Turanci ne.

Kuma me ake kira gamawa? Kamfanin Intercom mai manhajar amsa wa abokan ciniki, alal misali, a 2025 yana cajin santi 99 na dala a kan kowace matsala da ejan ɗinsa ya warware, kuma a bayaninsa yana ƙirga wanda ya ce ya gamsu da kuma wanda ya tafi bai sake neman taimako ba. Na yaba musu da suka rubuta shi kowa ya gani. Amma ka san mutanenmu: wanda ya ji amsa ba ta yi masa ba, ba ya gardama da waya, shiru zai yi ya hau babur ya tafi wani shago. A lissafi an gama da shi, a gaskiya an rasa shi. Nemi wannan fassara a takardunku. In babu, tambaye su a rubuce.

Kuskure kuma yana taruwa. A ce ejan yana yin daidai sau 95 cikin 100 a kowane mataki, abin da za a ce ya yi ƙoƙari. Aikin da ke da mataki 10 a jere zai kammala shi lafiya sau 60 ne kawai cikin 100. Sauran 40 sai mutum ya gyara, kuma gyaran oda da aka rubuta ba daidai ba ya fi rubuta sabuwa cin lokaci. A sana'arku abin ya wuce ɓata lokaci. Ejan ya gaya wa manomi ya fesa maganin ciyawa mai ƙona komai a gonar da shuka ta riga ta fito, wa zai biya? A Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia na Kanada ta umarci kamfanin jirgin Air Canada ya biya wani fasinja kimanin dalar Kanada 800, saboda manhajar hirarsa ta ba shi bayanin da ba daidai ba a kan rangwamen masu zuwa jana'iza. Kamfanin ya yi ƙoƙarin cewa manhajar ce ke da alhakin maganarta, kotun ta ƙi. A Gombe ba ma sai an je kotu ba, labari ɗaya a majalisa ya isa ya taɓa sunan da Alhaji ya yi shekaru yana ginawa. Takardun da suka san aikinsu suna da gurbin yawan kuskure da gurbin kuɗin kowane kuskure, suna kuma da shafi da ke cewa ga inda wannan lissafi ba ya aiki.

Labarin Klarna, kamfanin biyan kuɗi na ƙasar Suwidin, ya cancanci ka ba Alhaji shi. A Fabrairun 2024 suka sanar cewa AI ɗinsu ya yi hira miliyan 2.3 a wata ɗaya, aikin ma'aikata 700, kuma suna sa ran ƙarin ribar dala miliyan 40 a shekarar. A Mayun 2025 shugaban kamfanin ya fito ya ce sun fifita rage kuɗi har ingancin hidima ya ragu, suna sake ɗaukar mutane. Lambobin farko ba lallai ƙarya ba ne, abin da ba a sa a ma'auni ba ne ya dawo daga baya. In ka ga takardun sun kawo rabin farko na wannan labari a matsayin shaida suka bar na biyu, ka san irin marubucin da kake karantawa.

Duba kwanan wata. A wannan fanni takardar shekara ɗaya ta tsufa. Salesforce, wani kamfanin manhaja na Amurka, ta fara sayar da ejan ɗinta a 2024 a kan dala 2 kowace hira, a Mayun 2025 ta ƙara wani tsari na santi 10 kowane aiki. Kamfanonin AI suna sauya farashi, suna janye tsofaffin samfura. Ana so kowane shafi ya nuna ranar da aka gyara shi, a kuma samu tarihin gyare-gyare da ke cewa a wata kaza mun sauya wannan lamba daga kaza zuwa kaza, ga dalili. In hotunan da ke cikin takardun ba su yi kama da manhajar da ke gabanka ba, an daɗe ba a waiwaye su ba. Kamfanin Gartner mai nazarin harkar fasaha ya yi hasashe a Yunin 2025 cewa za a soke fiye da kashi 40 na ayyukan ejan na AI kafin ƙarshen 2027, kuma hauhawar kuɗi da rashin fayyace amfani suna cikin dalilan da ya bayar. Manhajar da ke ba da lamba ɗaya tilo, ba mafi muni, ba matsakaici, ba ta yi daidai da wannan yanayi ba.

Abu ɗaya da ya shafe ku musamman: kasuwarku ta lokaci ce. Daga Mayu zuwa Agusta waya ba ta hutawa, da rani kuwa sai 'yan noman Dadin Kowa da makamantansu. Dala 300 ba ta san rani ba. In manhajar wata ɗaya take ɗauka ta ninka da 12, kuma kai watan Yuni ka zuba mata, lissafin shekarar ya kumbura. Takardun su ce ko ana iya sa kowane wata daban, kwantiragin kuma ya ce ko ana iya dakatarwa.

Kyan rubutu da tsari ba zan daɗe a kai ba. Hotuna masu launi da bidiyo ba su ne inganci ba. Miƙa wa akawunku takardun ba tare da ka yi masa bayani ba, ka ce ya nemo maka ƙa'idar lissafin, da jerin lambobin da aka riga aka cike, da misali guda da aka bi daga farko har ƙarshe. In ya samo su cikin minti goma, tsarin ya yi. Sannan ya bi misalin da kalkuleta ya ga ko ya fito daidai da abin da aka buga. Ka kuma duba ko za ka iya sauke lissafin a Excel da ƙa'idojinsa a buɗe, ba hoton sakamako kawai ba.

In manhajar ta nemi ka ɗora tsofaffin hirarrakinku don ta auna da kyau, dakata. Sunaye da lambobin waya da basussukan mutane ne a ciki, amana ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora muku alhakinsu. Takardun su faɗi inda ake ajiye bayanan, tsawon wane lokaci, ko ana horar da AI da su, da yadda ake gogewa. In ba su faɗa ba, kada ka ɗora.

Abin da zan ce ka kai wa Alhaji shafi ɗaya ne. A sama ka rubuta lissafin da muka yi da albashinku na gaskiya. A ƙasa ka jera tambayoyin da takardun ba su amsa ba, ku aika wa kamfanin, ku ce a rubuce kuke so. Yadda suka amsa zai nuna maka da yawa: mai gaskiya zai turo ƙa'idar lissafin, wani kuwa zai ce a haɗu a yi magana ta bidiyo. Kafin amsarsu ta zo, ba yaran nan littafi su riƙa rubutawa na mako biyu: saƙo nawa ya shigo, nawa murya ne, da wane harshe, minti nawa ya ci, nawa ya zama ciniki, nawa ya shigo bayan an tashi. In alƙaluman sun nuna ana rasa ciniki da dare sosai, ku nemi gwajin wata ɗaya a reshen Kumo kaɗai, ku bar Bajoga yadda yake don kwatantawa, ejan ya tsaya a farashi da samuwar kaya da rubuta oda, a hana shi ba da shawarar magani ko yin alkawarin bashi, kuma kada ku sa hannu a kwantiragin shekara sai kun ga littafin watan. Ka gaishe min da Alhaji.